Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin Lafiya Kan Zazzaɓin da Ke Biyo Bayan Ambaliya

Zuwa ga Shugaban Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, NCDC, da Kwamishinonin Lafiya na Jigawa, Yobe, Borno da sauran jihohin da ruwa ke ci duk damina.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya dafa muku a kan nauyin jama'a da ke wuyanku.

Ni tsohon ma'aikacin lafiya ne a matakin farko. Yawancin aikina na yi shi ne a ƙananan asibitocin ƙauyukan da ke bin kogin Haɗejiya, har Allah ya kawo ni lokacin ritaya. Ina rubuto muku wannan takarda da yawun mutanen da na yi wa hidima kuma nake zaune a cikinsu har yau: manoman shinkafa da ke yini tsundum a fadama, masunta, samarin da ke kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa don kada ruwa ya shigo gari, matan da ke kwashe taɓo daga ɗakunansu bayan ruwa ya ja, masu yashe kwata, mahauta, da makiyayan da ke kora shanu ta cikin ruwa zuwa tudu. Da yawansu ba za su karanta wannan wasiƙa ba, amma jikinsu ne ake magana a kai.

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna na fitar da hasashen wuraren da ambaliya za ta shafa, hukumar hasashen yanayi ta NiMet ma na fitar da nata na damina. In ruwan ya zo, mukan ji gargaɗi a rediyo kan amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro, a kawo gidan sauro da maganin tsabtace ruwa. Wannan daidai ne, mun kuma gode. A Maiduguri, bayan madatsar ruwan Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ba a cika wata guda ba aka ayyana ɓarkewar kwalara, aka tashi tsaye a kanta. An gane ta da wuri domin an san ta, ana jiranta, akwai kayan gwajinta. Kukanmu shi ne akwai wata cutar da ita ma ambaliya ke kawowa, wadda a ƙauyukanmu ba a jiranta, ba a tambayarta, ba a gwada ta. Likitoci na kiranta leftosifirosis, wato cutar fitsarin ɓera.

Ku masana ne, kun fi ni saninta, amma tunda wasiƙar a buɗe take, bari in yi bayaninta don sauran masu karatu. Ƙwayar cutar na zaune ne a ƙodar ɓera, kuma tana iya zama a ta shanu, karnuka, awaki, tumaki da aladu. Ɓeran da ke ɗauke da ita garau yake yawonsa, yana zubar da ita a fitsari tsawon watanni, wani ma har ƙarshen rayuwarsa. Rana da bushewa na kashe ta, shi ya sa da rani ba ta da ƙarfi a busasshiyar ƙasa. Amma a ruwan da ya kwanta da danyen taɓo takan yi makonni, wani lokaci watanni, da ranta. In ambaliya ta zo sai ta wanke ramukan ɓeraye, da garke, da turke, da bola, da kwata, ta haɗa su duka a ruwa ɗaya, ruwan da mutum zai ratsa ya ɗauko 'ya'yansa da buhun hatsinsa. Ƙwayar na shiga jiki ta rauni komai ƙanƙantarsa, ta fason dunduniya, ta cin-ruwan da ke tsakanin yatsun ƙafa, ta fatar da ta daɗe a jiƙe, ko ta ido da hanci da baki. Ba kasafai mutum ke shafa wa mutum ba. Daga shiga ruwa zuwa fara ciwo yakan ɗauki kwana 5 zuwa 14, yana iya kaiwa 30.

Yawancin waɗanda suka kamu zazzaɓi ne da ciwon kai da ciwon jiki, su warke ba su san abin da ya same su ba. Amma kusan ɗaya cikin goma cutar kan yi masa tsanani: ido ya koma rawaya, ƙoda ta tsaya, wani jini ya ɓalle masa a huhu ya riƙa tarinsa. Wanda ta kai shi ga zubar jini a huhu, fiye da rabi ba sa tashi. Wani babban ƙiyasi da aka wallafa a 2015 ya nuna cutar na kama mutum kusan miliyan ɗaya a duniya duk shekara, tana kashe kimanin 59,000. Ba sabuwa ba ce. Tun 1886 wani likitan Jamus, Adolf Weil, ya siffanta mai tsananin, a 1915 kuma masu bincike a Japan suka gano ƙwayar. Maganinta ma tsoho ne, mai araha: doksisaikilin, amoksisilin, fanisilin, ko allurar seftiriyazon ga wanda ya jigata. Sharaɗin kawai a fara da wuri, kafin ƙoda ta taɓu.

Na san abin da wani zai ce: ina alƙaluman da ke nuna tana damunmu a nan? Alƙaluma ba sa zuwa sai an gwada, gwajin kuwa shi muke roƙo. Amma alamu suna nan ga mai son gani. A Yamai, wani bincike da aka wallafa a 2015 ya samu ƙwayar a jikin ɓerayen gona da gafiya da aka kama a lambunan ban-ruwa na bakin kogin Kwara. Lambunan nan ba su da bambanci da namu na Auyo da Kafin Hausa da Ringim. A nan gida, masu bincike a Jos da Vom sun daɗe da nuna alamar cutar a jinin shanu da na ma'aikatan mayanka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken da aka yi a Moshi, arewacin Tanzaniya, a kan marasa lafiya 870 da aka kwantar da zazzaɓi. Likitoci sun ce 528 daga cikinsu zazzaɓin cizon sauro ne. Da aka bi jininsu da kyau, mutum 14 kacal ne shi ne ainihin ciwonsu, cutar fitsarin ɓera kuwa ta bayyana a kusan 9 cikin 100 na waɗanda aka yi wa cikakken gwajinta. Mu a nan sauro ya fi na Moshi ɓarna, ba na musun haka. Amma ɗabi'ar kiran kowane zazzaɓi da suna ɗaya, iri ɗaya ce da tamu.

Wannan shi ne kukanmu na farko, kuma shi ne mafi girma. A ƙaramin asibitin ƙauye zazzaɓi suna biyu gare shi, maleriya da taifot. In tsinken gwajin maleriya ya nuna, a ba da magani. In bai nuna ba, sau da yawa a ba da maganin duk da haka, a ce ƙila ta ɓuya. In mutum ya dawo bai ji sauƙi ba, a ce taifot ce. A duk shekarun aikina ban taɓa rubuta sunan cutar fitsarin ɓera a rajista ba, ban ga abokin aikin da ya rubuta ba, ba a taɓa turo mana kayan gwajinta ba, ba a taɓa tara mu a bita a kanta ba. Ma'aikacin da ke gaban marar lafiya ba mugu ba ne, ba kuma rago ba ne, abin da aka koya masa ya nema shi yake nema.

A daminar 2022, shekarar da ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a ƙasar nan ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, ɗan maƙwabcina na cikin samarin da suka tsare jinga. Ƙaƙƙarfan yaro ne, manomin shinkafa, da sabuwar amarya. Dare da rana suna cikin ruwa iya ƙugu, ƙafa ba takalmi, suna cusa buhu a inda ruwa ke ɓulɓulowa. Allah ya taimaka jingar ta riƙe. Bayan ruwa ya fara ja sai zazzaɓi ya kwantar da shi. An kai shi wani asibiti, gwajin maleriya bai nuna komai ba, aka ba shi maganinta, aka yi masa allurar kashe ciwon jiki. Da mahaifiyarsa ta aiko a kira ni, abin da ta fara ce mini shi ne, “Malam, dubi idonsa, ja kamar gauta, kuma ba afolo ba ne, ba ya kwantsa.” Na matsa sha-raɓarsa a hankali, sai da ya yi ƙara. Farin idon ya soma rawaya a ƙarƙashin jan. Na tambayi amaryar rabonsa da fitsari, ta sunkuyar da kai ta ce tun jiya da safe, shi ma ɗan kaɗan ne, launin baƙin shayi. Na ce a ɗauke shi yanzu zuwa babban asibiti. Baffansa ya ce, “Malam, shawara ce, kuma ka san mai shawara ba ya son allura.” Aka jiƙa masa saiwar rawaya. Sai da ƙafafunsa suka kumbura ya fara shaƙuwa aka nemo mota. An ce ƙodarsa ta tsaya, sai an yi masa wankin ƙoda. Ana cikin haɗa kuɗin ya cika. Allah ya jiƙansa.

Ba wanda ya gwada jininsa don wannan cuta, saboda haka ba zan rantse cewa ita ce ba. Amma ruwan ambaliya, zazzaɓi bayan kwana goma, ciwon sha-raɓa, jan ido ba kwantsa, rawaya, ɗaukewar fitsari, duk littafin likitanci da ka buɗe haka ya jera su. Da a ranar farko an tambaye shi ko ya shiga ruwa, aka ɗora shi a kan ƙwayoyin da ke kowane kemis, da wataƙila labarin ya sauya. A takardun hukuma kuwa mutuwarsa ba ta shiga lissafin ambaliya ba, domin ba ruwa ne ya tafi da shi ba, ba kuma gini ne ya faɗa masa ba.

Kuka na biyu ya fito ne daga maganar baffan nan. Mutanenmu in ido ya yi rawaya sun gama yanke hukunci: shawara ce, maganinta na gida ne, allura kashe mai ita take yi. Wannan imani ya yi zurfi, na same shi a gidan malami da na jahili, a ƙauye da birni. Sakamakonsa shi ne mai cutar fitsarin ɓera yana barin asibiti a daidai ranar da ya fi bukatarsa. Ga kuma masu aikin ƙarfi da suka saba sayen ƙwayoyin kashe ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen suna haɗiya ba lissafi, alhali waɗannan na ƙara wa ƙodar da ke wahala nauyi. Ba mu ji ana yaƙar waɗannan abubuwa biyu a sanarwar bayan ambaliya ba. Rawayar ido a wannan yanki kuma fuskoki da yawa gare ta. A 2017 ciwon hanta nau'in E ya ɓarke a Ngala ta Borno da Diffa ta Nijar. Akwai zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa, akwai maleriya mai tsanani. Ido kaɗai ba zai raba su ba. Tsarinku ya tanadi cewa mai zazzaɓi da rawayar ido a ɗebi jininsa a aika don gwajin shawara, mai zubar jini a gwada shi don Lassa. In sakamako ya dawo babu, yawanci maganar ta ƙare ke nan a wajenmu, iyali ba su san me ya kashe ɗansu ba, hukuma ma ba ta sani ba. A Lindi ta Tanzaniya a watan Yulin 2022, mutane sun kamu da zazzaɓi da haɓo, uku suka mutu. An gwada Ebola da Marburg da korona, duk babu. Ba su tsaya nan ba, suka ci gaba da nema har suka gano cutar fitsarin ɓera ce. Irin wannan nacin muke so a yi mana.

Na uku, lokacin da ake sa mana ido ya yi gajarta. Motocin agaji da manyan baƙi da 'yan jarida na zuwa ne ruwa na tsaye. Da ya ja, sai a rufe sansani, a ce kowa ya koma gida, tawagar likitocin tafi-da-gidanka ta naɗe tabarmarta. To a daidai lokacin ne mutane ke shiga taɓo da hannu da ƙafa, suna yashe ɗaki, suna tono abin da ya rage a rumbu, suna cire mushen dabbobi, suna yankar shinkafar da ta kwanta a ruwa. Ɓerayen da ruwa ya koro daga gona sun tare a tudun da mutane suka tare, suna kwana kan buhunan tallafi. Yara na farautar gafiya da hannu, suna wanka a kududdufi. In aka ƙirga kwana 30 daga ranar da mutum ya yi shigarsa ta ƙarshe cikin taɓo, za a ga masu ciwon na bayyana ne bayan masu sa ido sun tafi. A Manila ta ƙasar Filifin, guguwar Ondoy ta zo a ƙarshen Satumban 2009, cutar kuwa ta cika asibitoci a watan Oktoba, sama da mutum 2,000 suka kwanta, fiye da 150 suka mutu. A jihar Kerala ta Indiya bayan ambaliyar Agustan 2018, cikin waɗanda ta kashe har da masu aikin sa kai da suka ceci mutane suka share gidaje.

Na huɗu ya shafi samarinmu. Garuruwan ƙasar Haɗejiya da yawa suna nan yau ne saboda Allah ya ba su matasan da ke tare ruwa da jikinsu. Ana kawo musu buhu, wani lokaci a kawo abinci da ɗan abin sayen sabulu. Takalmin ruwa da safar hannu da filasta ta rufe rauni ba sa cikin lissafi. Haka masu yashe magudanan ruwa da masu sare kacalla a bakin kogi. Ba daidai ba ne a yaba wa mutum a lasifika ranar Juma'a, a bar shi ya kwanta mako biyu baya ba wanda ya san sunansa.

Na biyar gajere ne. Bayan ambaliya makiyayi kan ga shanunsa na ɓari, nono ya ragu ko ya sauya launi. Waɗannan na daga alamun cutar a dabba, kuma gargaɗi ne ga mutanen da ke tatsa da masu yanka. Labarin ba ya isa ga ma'aikacin lafiya, don malamin dabbobi da malamin asibiti kowa da hanyar da rahotonsa ke bi. Tun 2019 Nijeriya ta ƙaddamar da tsarin haɗa lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli wuri ɗaya. A matakin ƙauye har yanzu muna jiran ganinsa.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A rubuta takarda shafi ɗaya, da Hausa da Kanuri da Fulatanci da Turanci, a manna ta a bangon kowane asibitin matakin farko da ke yankin ambaliya kafin watan Yuli. Ta ce: duk mai zazzaɓi a tambaye shi ko ya shiga ruwan ambaliya ko taɓo cikin kwana 30 da suka wuce. In ya shiga, a matsa sha-raɓarsa, a duba idonsa, a tambayi fitsarinsa. In alamu sun haɗu, a fara magani nan take ba sai an jira sakamako ba, kamar yadda ƙa'idar likitanci ta yarda, ko da gwajin maleriya ya nuna, tunda mutum na iya ɗauke da biyun. Mai ciki da yaron da bai kai shekara 8 ba a ba su amoksisilin maimakon doksisaikilin. Wanda idonsa ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya ragu, ko yake tarin jini, a tura shi babban asibiti a ranar. Bita ta yini ɗaya ta isa a koyar da wannan, kuma a gayyato masu kemis, don su ne marar lafiya ke fara zuwa wajensu. Magungunan su kasance cikin kayan da ake ajiyewa tun kafin hanya ta yanke, domin a Guri da Kirikasamma akwai garuruwan da in ruwa ya zo sai da kwalekwale ake isa gare su.

A ba cutar gurbinta a fom ɗin rahoton mako-mako da manhajar SORMAS da jami'an sa ido na ƙananan hukumomi ke aiki da ita, yadda ma'aikaci zai iya shigar da wanda yake zargi ko da ba a tabbatar ba. A kuma tsawaita sa idon bayan ambaliya zuwa aƙalla makonni shida daga ranar da mutane suka koma gidajensu, da tawagar da za ta riƙa zagayawa unguwa-unguwa tana neman masu zazzaɓi, ba ta zauna jiran su zo ba.

Kan gwaji, ba sabon gini muke nema ba. Lokacin korona an kafa ɗakunan gwaji masu na'urar PCR a kusan kowace jiha. Na'urar na iya gano ƙwayar a jini cikin makon farko na ciwo in an kawo sinadaran da suka dace, bayan mako guda kuma gwajin garkuwar jiki ke nuna ta. A zaɓi asibiti ɗaya ko biyu a kowace jihar ambaliya a ba su kayan. Abu mafi sauƙi, wanda za a iya farawa wannan shekarar: duk jinin da aka aika babban ɗakin gwaji na ƙasa da ke Gaduwa a Abuja, ko sauran ɗakunan gwajin da ke ƙarƙashinku, don shawara ko Lassa, in ya fito babu, a gwada shi don cutar fitsarin ɓera kafin a zubar. An riga an ɗebi jinin, an riga an biya kuɗin mota. Damina biyu ana yin haka za ku samu alƙaluman da ake cewa babu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ta san wannan ƙwaya, a jawo ta cikin aikin. Masu binciken ciwon ƙodar da ya addabi Gashuwa da ƙasar Haɗejiya su ma muna roƙon su sa ta cikin abubuwan da suke dubawa. Ban ce ita ce sanadi ba, amma cuta ce mai zama a ƙoda, a yankin da mutane ke rayuwa cikin ruwa.

Ga masu aikin jinga da yashe kwata da ceto, a yi rajistarsu ta hannun masu unguwa da bulamai, a ba su takalmin ruwa da safar hannu da sabulu da abin rufe rauni, a tanadi tsabtataccen ruwan da za su wanke jiki in sun fito. A duba ba su doksisaikilin na kariya, miligiram 200 sau ɗaya a mako muddin suna cikin ruwa, a hannun ma'aikacin lafiya, kamar yadda aka yi a Kerala kuma ake yi a Filifin. Ba na goyon bayan a raba wa gari duka ko a ce kowa ya je ya saya, don hakan zai lalata ƙarfin maganin, ya kai shi ga masu ciki da ƙananan yara. A tsaya ga waɗanda aikinsu ya tilasta musu zama cikin ruwa. Bayan aiki ya ƙare a bi sunayen nan har wata guda, wanda ya yi zazzaɓi a duba shi kyauta.

A sansanonin gudun ambaliya, a ɗora abinci a kan katako nesa da ƙasa, a kwashe shara kullum, a ware wa dabbobi wurinsu daban da inda ake ɗiban ruwa. Rijiyoyin da ruwa ya shiga a yashe su a zuba musu kulorin kafin a koma sha. A dawo wa duba-gari da ƙarfinsu a wannan lokaci. Maganin ɓera kuma a bar shi a hannun waɗanda suka san aikinsa, kada a watsa guba a inda yara da kaji suke.

Saƙon rediyo ya fito ɓaro-ɓaro, da bakin waɗanda mutane ke ji: limamai, sarakunan ruwa, sarakunan noma, sarakunan fawa, ungozomomi, da masu maganin gargajiya su kansu. A ce wa jama'a, wanda ya shiga ruwan ambaliya ya yi zazzaɓi, ya je asibiti a ranar ya faɗa da bakinsa cewa ya shiga ruwa. A ce musu rawayar ido bayan ambaliya ba ta zama a gida ba ce, kuma allurar da likita ya rubuta ba ta kashe mai ita. Masu maganin gargajiya in an zauna da su cikin mutunci suna turo marasa lafiya, na ga haka da idona a lokacin sanƙarau. A kuma haɗa malamin dabbobi da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma a zaure ɗaya na WhatsApp, in shanu sun fara ɓari a wata ruga asibitin da ke kusa ya ji a ranar.

Ga gwamnatocin jihohi, wanda ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya bayan ambaliya a ɗauke masa kuɗin wanki, a lissafa shi cikin waɗanda bala'in ya shafa. Irin wannan tsayawar ƙoda sau da yawa tana warkewa in an yi wanki na ɗan lokaci, mutum ya koma gonarsa. Iyalin da ruwa ya cinye wa amfanin gona ba su da abin sayarwa su biya.

Daga ƙarshe muna roƙon a ba mu amsa a fili kafin ruwan Agusta: wane asibiti ne a kowace jiha zai karɓi jinin gwaji, wa za a kira, kuma a ina za a riƙa wallafa adadin waɗanda aka gwada da waɗanda aka samu. Mu tsofaffin ma'aikata da ke zaune a garuruwan nan a shirye muke mu zagaya da takardar, mu rubuta sunayen samarin jinga, mu raka tawagarku gida-gida, ba tare da an biya mu ba.

Allah ya ba ku ikon dubawa. Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin lafiya a matakin farko,
a madadin manoma, masunta da samarin jinga na ƙasar Haɗejiya, Jihar Jigawa.